Firji Na Sanyi, Ƙanƙara Ta Ƙi Fitowa: Ina Matsalar Take?

A Amurka, iyalai da dama na tafiya hutu da motar da aka ƙera kamar gida, mai gado, kicin da firji. Wani ƙorafi da ake yawan ji lokacin zafi shi ne injin ƙanƙarar firjin ya yi shiru. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Fara duba wuta. Firji irin na Dometic da Norcold kan yi aiki da gas idan babu lantarki, amma injin ƙanƙararsa sai da wutar gida mai bolt 120. Batirin motar mai bolt 12 ba zai tayar da shi ba, sai an haɗa da janareta, inbata ko wutar sansanin hutu.

Sai ruwa. Tabbatar famfon motar a kunne yake, bawul ɗin bayan firjin kuma a buɗe. Duba siririn ƙarfen da ke saman kwandon ƙanƙara: idan ya maƙale a sama, injin zai ɗauka kwandon ya cika.

Wurin ajiye mota ma na da tasiri. Firjin gas na dogara da gangarowar sinadarin amoniya a bututu, don haka idan motar ta karkace sanyi zai ragu, har firjin ya iya lalacewa.

Kafin hunturu, a tsiyaye ruwan kakaf. Ruwa kan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kuma hakan ya isa ya fasa bawul.