Ƙurar Chadi a Dajin Amazon: Ta Yaya Ake Gane Abin Mamaki na Gaskiya?

A kwanakin hunturu, idan mutum ya fito da sassafe ya tarar farar ƙura ta lulluɓe sirdin babur, ta kwanta a bakin taga, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, da wuya ya kawo wa ransa cewa wannan hazon yana da alaƙa da wani daji a Kudancin Amurka. Amma akwai saƙon da ya daɗe yana yawo a Facebook da WhatsApp, wai ƙurar Sahara ce ke yi wa dajin Amazon taki. Yakan zo a jere da 'yan'uwansa: wai ɗan Adam kashi 10 cikin 100 kawai na ƙwaƙwalwarsa yake amfani da shi, wai ana hango ganuwar ƙasar Sin daga duniyar wata. Na ƙurar yana da tushe mai ƙarfi, sauran biyun kuwa ba su da tushe balle makama. Sai dai a fuskar waya duk kamarsu ɗaya, hoto mai kyau da rubutu mai cewa "masana sun gano". Abin da nake so mu fahimta shi ne, mamakin da labari ya ba mu bai isa hujjar karɓarsa ba, bai kuma isa hujjar ƙin sa ba. Hujja tana wajen wanda ya auna, da abin da ya auna da shi, da waɗanda suka sake aunawa bayansa.

Mu ɗauki maganar ƙurar. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda shekaru dubbai da suka wuce yake ƙarƙashin ruwa, lokacin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Da ruwan ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka taru. Iskar da ke kurɗawa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi tana kwasar wannan gari ta yi sama da shi. A shekarar 2015, masu bincike na hukumar NASA ta Amurka suka fitar da lissafin da suka yi da tauraron ɗan Adam mai suna CALIPSO, daga 2007 zuwa 2013. Sun ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ne ke barin Sahara ta yamma duk shekara, kusan tan miliyan 28 kuma yana sauka a yankin Amazon, ɗauke da kimanin tan 22,000 na sinadarin fosfaros. Manomi ya san wannan sinadari, shi ne harafin P da ke jikin buhun takin NPK. Ruwan sama mai yawa yana wanke shi daga ƙasar Amazon, ƙurar kuma tana mayar da wani abu daga abin da ya salwanta. Labarin ya zo da sunan wuri, da shekara, da na'ura, da adadi, duk mai shakka yana da inda zai kama ya bincika.

Sauran biyun fa? Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma na'urorin ɗaukar hotonta sun nuna babu wani sashe da ke zaman banza. Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san lalacewar ɗan wuri kaɗan tana iya ɗauke magana ko tafiya. Ganuwar Sin kuwa doguwa ce, amma faɗinta 'yan mitoci ne, wata kuma yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000. Yang Liwei, ɗan Sin na farko da ya je sararin samaniya a 2003, ya ce bai hango ta ba, alhali shi kusa da duniya ya kewaya. Duk da haka maganganun sun ƙi mutuwa. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT suka bi diddigin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter, suka gano cewa damar a sake tura labarin ƙarya ta fi ta na gaskiya da kashi 70 cikin 100. Dalilin da suka fi karkata gare shi shi ne ƙarya ta fi zuwa da sabon abu mai sa a riƙe baki. Mai ƙirƙira yana da 'yancin ƙara gishiri yadda ya ga dama, mai aunawa kuwa abin da ma'auni ya nuna kaɗai zai faɗa.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai nishaɗi ne, wa maganar ganuwar Sin ta taɓa kashewa? Gaskiya ne ba ta kashe kowa ba, amma hannun da ya saba turawa ba tare da tambaya ba, shi ne zai tura wanda ke kisa. A farkon watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wayoyi suka yi ta ƙara cikin dare a faɗin Najeriya. 'Ya'ya na tashin iyaye, maƙwabta na buga ƙofa, a dafa ruwa a zuba gishiri, a yi wanka a kuma sha kafin gari ya waye. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu a asibiti, kuma ruwan gishiri bai taɓa zama rigakafin Ebola ba. Waɗanda suka tura saƙon masoya ne, tausayi ya sa su, amma kyakkyawar niyya ba ta hana gishiri tayar da hawan jini ba.

Wani kuma zai ce, su kansu masanan yau su ce kaza, gobe su warware, me zai sa a yarda da su? Haka ne suna warwarewa, kuma nan ne ƙarfin aikinsu yake. Ko maganar Bodele, an daɗe ana cewa daga can mafi yawan ƙurar da ke isa Amazon take fitowa, sai wani bincike na 2020 ya nuna hamadar El Djouf da ke tsakanin Mali da Muritaniya ta fi ba da kaso mai yawa. Tafiyar ƙurar tana nan daram, mafarinta ake ta tantancewa. Gyaran kan zo ta ɗaya ɓangaren ma. Shekara da shekaru likitoci na ɗora gyambon ciki a kan damuwa da yawan sinadari mai tsami a tumbi. Da wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka ce ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, sai aka yi biris da su. A 1984 Marshall ya ɗura wa kansa ƙwayar, cikinsa ya kamu da kumburi. Wasu suka maimaita binciken suka tabbatar, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Da an tsaya a kan "wannan ba zai yiwu ba", da miliyoyin masu olsa sun rasa maganin da ke warkar da su. Labarin ƙarya shi ne wanda ba ya karɓar gyara, zai shekara hamsin yana yawo da rigarsa ɗaya.

Saura mai cewa talaka ba shi da halin karanta mujallun kimiyya. Ba sai ya karanta ba, domin al'ummarmu ta gaji ma'aunin da ya dace. Ɗalibin da ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana don daɗinta, sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji. Wannan tarbiyya ce za mu ɗauko mu kawo kan waya. Su wane ne masanan, a wace jami'a ko hukuma, a wace shekara? Wata kafa mai mutunci ta ɗauki labarin? Idan aka ce maka an tono kwalekwale mai shekara kusan 8,000 a Najeriya, za ka iya yin mamaki, amma za a faɗa maka a Dufuna ne cikin jihar Yobe, wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, aka auna shekarun itacen a ɗakunan gwaji na Jamus. Saƙon da ya ce "masana sun gano" ya tsaya nan, ya kuma roƙe ka ka tura wa mutum goma, ya riga ya nuna maka ba shi da dangi.

Duniyar da Allah ya halitta cike take da abubuwan al'ajabi na gaskiya, ba ta buƙatar a yi mata ƙari. Don haka, ya kai mai karatu, idan saƙo ya shigo ya ba ka mamaki, ka dakata kafin yatsanka ya taɓa alamar turawa. Ka nemi suna, da wuri, da shekara. In ka samu, ka tura tare da su domin na gaba ma ya iya bincikawa. In ba ka samu ba, bar shi ya ƙare a wayarka, musamman idan ya shafi abin da mutum zai sha ko zai ba ɗansa.