Matar da Ta Sha Gahawa da Tunaninta

Ranar 12 ga Afrilu, 2011, a jihar Massachusetts ta Amurka, wata mata mai suna Cathy Hutchinson tana zaune a keken guragu a gaban tebur. A kan teburin ga kwalbar gahawa da bututun zuƙa a bakinta, a gefe kuma ga wani hannun ƙarfe, ƙirar injiniyoyin hukumar binciken sararin samaniya ta Jamus. Kusan shekara 15 ke nan rabon Cathy da kai wani abu bakinta da kanta. A 1996 bugun jini ya same ta a gindin ƙwaƙwalwa, daidai mashigar da saƙo ke bi ya sauka zuwa gaɓoɓi. Hannu da ƙafa suka daina jin umarni, magana ta ɗauke. Hankali kuwa garau. In tana son faɗin wani abu, sai ta riƙa nuna haruffa da ido, ɗaya bayan ɗaya.

Ta ƙura wa kwalbar ido. Hannun ƙarfen ya muskuta, ya ɗan yi dabur-dabur, ya miƙe, ya damƙi kwalbar, ya jawo ta gabanta, ya karkata. Ta kama bututun da leɓe ta zuƙa, sannan ta saki wani murmushi da bidiyonsa ya zaga duniya. Ba wanda ya taɓa maɓalli. Sau 6 ta gwada a ranar, ta dace sau 4.

Mafarin abin ya girmi ciwon nata. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai shayi a Ƙofar Kwaya da sassafe ya ga yadda yake ɗaga kofi sama da kansa, ya tsiyayo shayin cikin wani kofin can ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba, alhali yana musun ƙwallo da ɗan kabu-kabu. Kafaɗa da gwiwar hannu da yatsu kowa ya san aikinsa, shi kuma bai lissafa komai ba. To, me ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ke faɗa wa juna a wannan ƙiftawar? Wannan tambaya ce ta hana wani likita ɗan Girka, Apostolos Georgopoulos, sakat a Jami'ar Johns Hopkins. Ya horar da birai su tura wani mariƙi zuwa fuskoki 8, shi kuma yana sauraren ƙwayoyin da siririyar waya, kowace tana ƙas-ƙas da 'yar wutar lantarkinta. A 1982 ya ba da rahoto cewa kowace ƙwaya da fuskar da ta fi so. Wata in hannu zai yi dama sai ta ruɗe da harbi, in ya ɗan kauce ta rage, in hagu ne ta yi tsit.

Matsalar ita ce ƙwaya ɗaya ba abin dogaro ba ce, takan yi surutu ko ba a je inda take so ba. Sai a 1986 shi da abokan aikinsa suka warware ƙullin da lissafi. Kamar yara ne suka ɗaure ragon layya da igiyoyi, kowa na ja wajensa: in ka san inda kowane yaro ya tsaya da ƙarfin jansa, ka san inda ragon zai nufa tun bai taka ba. Suka ba kwamfuta fuskar kowace ƙwaya da yawan harbinta, ta tara, ta fitar da kibiya guda, kibiyar ta nuna inda hannun biri ya dosa. Abin da ya fi ɗaure kai ya zo a 1989. An koya wa biri cewa in fitila ta kama, ya kai hannu gefenta, ba kanta ba. A kwamfuta aka ga kibiyar ta fara nuna wajen fitilar, sannan ta juya sannu zuwa inda ya dace, duk kafin hannun ya motsa. Wato an kama biri yana shawara da zuciyarsa.

Amma biri da hannunsa lafiya lau. Wanda ya shekara 9 bai ɗaga yatsa ba fa, ko ƙwayoyinsa sun manta? A 2005 ayarin John Donoghue na Jami'ar Brown, cikin gwajin da ake kira BrainGate, suka dasa wa Cathy wani ɗan faranti mai faɗin milimita 4, ɗauke da tsinkayen sauraro 96, a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da hannu. Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyi kusan biliyan 86, farantin kuwa 'yan gomomi kawai yake ji. Kafin kowane zama sai a sa hannun ƙarfen ya motsa da kansa, a ce mata ta raya a ranta ita ke motsa shi. Ƙwayoyin suka amsa, kowace da fuskarta, kamar jiya aka daina aike su. Kwamfuta ta haddace amsar, ta tace hayaniya da wani lissafi da Rudolf Kalman ya fitar a 1960, irin wanda ya taimaka wa kumbon Apollo kama hanyar wata.

Jaridu sun ɗan zuzuta, kamar yadda suka saba. A ranar gahawar, Cathy ce ke tuƙa hannun a saman teburin, ita ke ba da umarnin damƙa, amma ɗagawa da karkata kwalbar an riga an tsara wa injin su, ita tana ba shi izini ne kawai. Kuma duk abin na tafiya ne ta wata waya mai kauri da ake jonawa a ƙoƙon kanta, sai ma'aikaci na kusa. Haka nan bai kamata mai jinyar shanyewar ɓarin jiki a Katsina ya ɗauka magani ya samu ba. Ita Cathy hanya ce ta yanke mata, sashen ƙwaƙwalwa mai ba da umarnin na nan lafiya, ga mutane da yawa kuwa shi ne jinin ya taɓa.

Leigh Hochberg da abokansa suka buga sakamakon gwajin Cathy a mujallar Nature a Mayun 2012. Cikin shekarar dai, a mujallar dai, Mark Churchland da Krishna Shenoy suka fito da hujja daga birai cewa ƙwayoyin nan ba fuska kawai suke nunawa ba, tare suke kaɗawa cikin wani zagaye mai tsari da ke haifar da motsin. A 2015 David Sussillo ya gina ƙwayoyin roba a kwamfuta, ya koya musu kwaikwayon aikin tsokar hannun biri, ba tare da ya gaya musu yadda za su yi ba. Da aka leƙa cikinsu, sai ga irin wannan zagayen.