Yahudawan Waje da Isra'ila: Ba Bakinsu Ɗaya Ba

A majalisun shayi na Mindif da Marwa, da zarar an ambaci Gaza sai ka ji an ce "Yahudawa sun yi kaza", kamar dukansu uwa ɗaya uba ɗaya ne a ra'ayi. Alhali cikin Yahudawan duniya, su miliyan 15 da ɗoriya, mazauna Isra'ila ba su kai rabi ba. Amurka kaɗai tana da wajen miliyan 6, sai Faransa ke biye mata daga nesa.

Saɓanin nasu ya girmi ƙasar kanta. A 1897, da ɗan jarida Theodor Herzl ya kira taron farko na neman ƙasar Yahudawa, a Munich ya so yi. Malaman Yahudawan Jamus suka ce atafau ba su yarda ba, dole ya kwashi taronsa zuwa Basel ta Suwizalan. A shekarar ce kuma ma'aikatan Yahudawa suka kafa ƙungiyar Bund a Vilna, suna cewa inda aka binne cibiyar mutum nan ne gidansa, nan zai nemi haƙƙinsa. Har a Afirka an taɓa yi wa masu neman ƙasar tayi: a 1903 Ingila ta nuna musu fili a Kenya ta yau, suka yi watsi da shi a 1905.

Kisan Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Hitler ta yi shi ya juya zukatan masu ɗari-ɗari da yawa. Aka kafa Isra'ila a 1948, Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa muhallansu. Dokar 1950 ta bai wa kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa.

Wasu sun amsa kiran ka'in da na'in. Maroko mai Yahudawa kimanin 250,000 yanzu 'yan dubbai suka rage mata. A Mayun 1991 jirage suka kwashe Yahudawan Habasha sama da 14,000 cikin sa'o'i 36. Amma na tsibirin Jarba a Tunisiya, wasunsu na nan daram, suna ibada a tsohon wurin bautarsu na Ghriba.

Mafi yawan na Amurka sun fi kama da Bahaushen unguwar Birkitari a Yawunde, wanda kakansa ya fito daga Kano: yana tinƙaho da asalin, yana kai ziyara, amma ko a mafarki bai shirya tattara komatsansa ba. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 58 cikin 100 ne ke jin Isra'ila a ransu, matasa kuma ba su kai haka ba.

Akwai kuma masu adawa ƙiri-ƙiri. Mabiya ɗariƙar Satmar ta New York, masu baƙaƙen riguna da dogon gemu, sun ce haramun ne a kafa ƙasa kafin zuwan Almasihu. Ta wani ɓangaren, a Oktoban 2023 'yan ƙungiyar Jewish Voice for Peace suka mamaye tashar jirgin ƙasa ta Grand Central suna neman a tsagaita wuta a Gaza, 'yan sanda suka kama ɗaruruwansu. Su ba su da rinjaye, gaskiya ne, domin manyan ƙungiyoyi irin su AIPAC suna bayan Isra'ila da kuɗi da siyasa. Duk da haka, mai sauraron rediyo, idan an ce maka "Yahudawa", tambayi mai maganar: na wace ƙasa, kuma na wane ɓangare?