Cin Zali a Makarantun Kwana da Illarsa ga Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana a Azare ko a garuruwan da ke kewaye da ita a ƙasar Katagum, ya san yadda makon farko yake. Yaro zai zo da akwatin ƙarfe cike da garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, kafin Juma'a ta zagayo sai a tarar da akwatin ya yi sauƙin ɗauka. Siniya ya karɓi nasa, abokin siniya ma ya karɓa. Daga nan sai wankin kayan wani, da ɗebo ruwa da asuba, da tsallen kwaɗo a kan laifin da yaron bai ma san ya yi ba. Idan ya kai ƙara gida, amsar da ya fi samu ita ce ya yi haƙuri, haka kowa ya taso. Wannan rubutu zai duba mene ne cin zali a tsakanin ɗalibai, da inda ya samo tushe, da abin da yake yi wa tunanin matashi.

Wace Kalma Ce Ta Dace?

A matsayinmu na ɗaliban harshe, ya kamata mu fara da suna. Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage: cin zali, zalunci, tsangwama, muzgunawa, cin fuska, gori da zolaya. Kowace da inda ta fi ƙarfi. Zalunci ya yi faɗi, domin ya haɗa har da na mai mulki a kan talakawa. Zolaya kuwa ta yi sauƙi, tunda aboki ma yana zolayar abokinsa. A ganina “cin zali” ce ta fi kusa, saboda Bahaushe ba ya faɗinta sai inda babba ya danne ƙarami, ko mai ƙarfi ya danne mai rauni.

Wannan ya yi daidai da bayanin Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya fara nazarin matsalar a ƙasashen Suwidin da Norwe tun a shekarun 1970. A wurinsa, abu yana zama cin zali idan da gangan aka yi shi, kuma ana maimaita shi, sannan akwai bambancin ƙarfi tsakanin mai yi da wanda ake yi wa. Ke nan dambe tsakanin sa'o'i biyu a bayan aji faɗa ne kawai. Amma ɗan aji shida da ke tashin ɗan aji ɗaya kullum da dare ya yi masa fifita, wannan cin zali ne ko da bai taɓa ɗaga masa hannu ba.

Akwai wani wuri mai santsi a nan. Al'adarmu tana da wasan barkwanci, irin na Fulani da Barebari, ko na taubasai, kuma ƙasar Katagum da ta tara Hausawa da Fulani da Barebari da Karekare ta san daɗinsa. Sai dai wasan barkwanci yana da ƙa'ida: kowa na da damar ramawa, kuma ana rabuwa da dariya. Da zarar ɗaya ne kaɗai ke dariya, ɗayan kuma ba shi da ikon mayar da martani, to an fita daga wasa. Haka abin yake ga laƙabi. Yaro mai in'ina, ko mai fitsarin kwance, ko wanda Hausa ba harshensa na farko ba ce, sai a laƙaba masa suna ya bi shi har ya gama makaranta. Mu masu Guddiranci mun san wannan idan muka je karatu wani gari: kana buɗe baki sai a fara kwaikwayonka. Na san wani ɗan ajinmu da ya daina ɗaga hannu a aji har tsawon zango guda saboda haka, alhali yana cikin masu ƙoƙari. Ilimin kimiyyar harshe ya koya mana cewa babu karin harshen da ya fi wani asali ko daraja, amma yaro ɗan shekara goma sha biyu bai san da wannan ba.

Daga Ina Siniyoriti Ta Fito?

Tsarin ba wa manyan ɗalibai iko a kan ƙanana ya zo ne tare da makarantun kwana na Turawan mulkin mallaka, waɗanda aka gina bisa salon makarantun 'ya'yan manya na Ingila. A can ma an daɗe ana sa ƙananan yara su yi wa manya hidima. Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa a Zariya, da makarantun midil na larduna, duk da tsarin gidajen kwana da shugabannin ɗalibai suka tashi. Da tsarin ya iso sai ya tarar da al'adar girmama na gaba, ya fake a bayanta. Amma a gidan Bahaushe, wan da ke aiken ƙaninsa shi ne kuma mai tare masa faɗa. A ɗakin kwanan makaranta sau da yawa aiken ne ya rage, kariyar ta ɓace. Kuma abin yana gadon kansa: wanda aka yi wa gwale-gwale a aji ɗaya yana ƙirga shekaru, yana jiran ranar da zai rama a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Girman Matsalar

Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, wato kashi 32 cikin ɗari, an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin wata gudan da ya gabaci binciken. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara adadin ya kai kusan kashi 48. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Ƙasar Sin misali ce mai kyau a duba. A watan Maris na 2024, a yankin Handan na lardin Hebei, wasu yara uku 'yan shekara 13 suka shiga hannu bisa kisan ɗan ajinsu, wanda danginsa suka ce an daɗe ana cin zalinsa. A watan Disamba na shekarar kotu ta yanke wa ɗaya ɗaurin rai da rai, wani kuma shekara 12. Lamarin ya tayar da muhawara a kan yaran karkara da iyayensu ke bari a hannun kakanni su tafi ci-rani birane. Mai karatu daga Arewa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan yaron da ya tashi nesa da idon iyaye. Tun a watan Yuni na 2021 dokar kare yara ta ƙasar, wadda aka yi wa gyara, ta wajabta wa makarantu kafa tsarin hana cin zali da sanar da iyaye, amma doka a takarda ba ta hana abin da ya faru ba. A gida Nijeriya, bidiyon da ya bazu a watan Afrilu na 2024 daga makarantar Lead British International School da ke Abuja, inda aka ga ana marin wata ɗaliba, ya nuna cewa tsadar kuɗin makaranta ba rigakafi ba ce. Ya kuma nuna sabon salo: a da wulaƙancin a ɗakin kwana yake tsayawa, yanzu waya na kai shi ko'ina.

Abin da Ke Faruwa a Zuciyar Yaro

Jikin ɗan Adam yana da shirin ko-ta-kwana idan ya hangi haɗari: zuciya ta riƙa bugawa da sauri, barci ya ƙaurace. An yi shirin ne don haɗari mai wucewa. Yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da mai cin zalinsa kuwa ba shi da lokacin da zai saki jiki, dare da rana. A hankali sai a ga ciwon kai da ciwon ciki da ba a gano dalilinsu ba, da firgita cikin barci, da rashin cin abinci, da faɗuwa jarrabawa ga yaron da a da yake cikin na gaba. Wani zai riƙa ƙirƙiro ciwo idan hutu ya ƙare. Wani ya gudu. Bincike a ƙasashe da dama ya danganta cin zali da ciwon damuwa da fargaba da tunanin kashe kai, kuma tabon yakan bi mutum har girma. A Norwe, mutuwar wasu yara uku da suka kashe kansu a 1982 ce ta sa gwamnati ta ƙaddamar da yaƙi da cin zali a makarantu a 1983.

A nan ma harshe yana da hannu. Da an ce “taɓin hankali”, abin da ke zuwa zukatanmu shi ne mai yawo a kasuwa da tsumma. Saboda haka uba ba zai yarda a danganta ɗansa da wannan ba. Sai a ce yaron miskili ne, ko ragwanta ce, ko kuwa an yi masa sammu, ko iska ce ta shafe shi. Addu'a tana da muhimmanci a wurinmu, amma ba ta hana a zaunar da yaro a tambaye shi wa ke takura masa. Kunya da kara da muka gada su ma suna sa yaro ya haɗiye magana, balle yarinya.

A ɓangaren doka an samu ci gaba. A watan Janairu na 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Manufar ilimi ta ƙasa ma ta tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare, ko da yake sau da yawa za ka tarar an ɗora masa darussa har ba shi da lokacin sauraron kowa. Azare tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh mai horar da malamai, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur a Gaɗau. Malaman da za su kwana da yaran nan a makarantu da likitocin da za a kai musu su duk a gari ɗaya ake horar da su. Aikin da ya rage a hannun sashen Hausa shi ne na kalmomi: har yau ma'aikacin asibiti da ke son yi wa uwa daga Chinade ko Madara bayanin ciwon damuwa yana lalube ne, domin idan ya ce “damuwa” sai ta ɗauka ɓacin rai ne na yini guda, idan kuma ya ce “taɓin hankali” sai ta ja hannun ɗanta su tafi.