Fadamar Oak Hammock: yadda aka maido da ruwa da tsuntsaye a Kanada

 A karatunmu na yau za mu yi magana bisa wata fadama ta ƙasar Kanada wadda mutane suka busar da hannunsu, daga baya kuma suka sake rayar da ita. Sunanta Oak Hammock. Tana cikin jihar Manitoba, arewa da birnin Winifeg, tafiyar kamar rabin awa a mota.

Yadda fadamar ta mutu

Yankin nan shimfiɗaɗɗen fili ne mai doguwar ciyawa, ba duwatsu, itatuwa kaɗan. A da can akwai wata babbar fadama a wurin, faɗinta ya kai hekta dubu 47. Idan dusar ƙanƙara ta narke, ruwa yakan taru a cikinta, agwagin daji da dinya su sauka su yi ƙwai.

Da manoma suka yi yawa, sai aka ga ƙasar tana da ƙarfi, ana son gonakin alkama. Wajen shekarar 1897 aka fara gina magudanai domin a janye ruwan. Aka yi ta janyewa shekara da shekaru. A farkon shekarun 1960, abin da ya saura na fadamar bai wuce hekta 60 ba. Ku lura da wannan lissafi da kyau: daga dubu 47 zuwa 60. Da ruwa ya tafi, ciyawar ruwa ta tafi. Da ciyawa ta tafi, tsuntsaye suka rasa abinci da wurin sheƙa, su ma suka ƙaura.

Yadda aka gyara

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnatin Manitoba ta sayi gonaki daga hannun masu su, gwamnatin ƙasa ta taimaka da kuɗi. Wata ƙungiya mai suna Ducks Unlimited Canada, wadda aka kafa a 1938 domin kare wuraren zaman agwagin daji, ta shigo cikin aikin. A 1972 aka tayar da ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita 22 domin ta tare ruwa. A 1973 hukuma ta keɓe wurin ga namun daji. Yanzu faɗinsa duka hekta 3.600 ne. Kun ga ke nan abin da aka maido bai kai kashi ɗaya cikin goma na tsohuwar fadamar ba.

Ganuwar ta raba fadamar kashi-kashi, kamar yadda mai lambu ke raba fangali. Akwai ƙofofin ruwa da ma'aikata ke buɗewa ko rufewa. Wani lokaci da gangan sukan rage ruwan wani kashi har laka ta bayyana. Mene ne dalili? Irin ciyawar ruwa da yawa ba ya tsira ƙarƙashin ruwa mai zurfi, sai laka ta sha rana da iska. Idan sabuwar ciyawa ta tashi, sai a sake sako ruwa. Ta haka ne ake kwaikwayon fari da damina, waɗanda tun asali su ne ke sabunta fadama.

A tudun da ke kewaye kuma akwai sauran doguwar ciyawar nan ta asali, wadda ta kusa ƙarewa a ƙasar saboda noma. Ma'aikata sukan sa mata wuta jefi-jefi, bisa tsari da lura, domin kada ƙananan itatuwa su cinye filin. Wannan aiki ne na masana, ba irin wutar daji da ke cinye mana makiyaya ba.

Manoma fa?

Tsuntsu ba ya sanin iyakar gona. Idan dubban agwagi suka sauka a gonar da ba a gama girbewa ba, mai gona ya shiga uku. Saboda haka aka yi dabara: aka riƙa shuka hatsi irin su sha'ir a wasu filaye na cikin wurin, a bar wa tsuntsaye su ci. Idan sun ƙoshi a nan, ɓarnar da suke yi wa maƙwabta sai ta ragu. Wannan darasi ne babba. Kare namun daji ba ya ɗorewa idan talakan da ke kusa shi ne ke ɗaukar asara.

Abin da aka samu

Tsuntsaye sun komo. An ga iri wajen 300 a wurin, da dabbobi masu shayarwa iri wajen 25, da kwaɗi da kifi. A watannin Satumba da Oktoba, lokacin da tsuntsaye ke gudun sanyi zuwa kudu, wajen Amurka da Meksiko, agwagi da dinya da ke yada zango a nan sukan kai dubu ɗaruruwa. Ban da wannan, fadama tana riƙe ruwa kamar soso, ta rage ambaliya, ciyawarta kuma ta tace dauɗar ruwan kafin ya wuce.

Baƙi ma sun zo. A 1993 aka buɗe gidan karɓar baƙi da koyarwa a bakin fadamar. Kafin a gina shi an yi gardama, domin wasu masu kishin tsuntsaye sun ce babban gini da motoci za su dami namun da ake son karewa. Duk da haka aka gina shi. Akwai hanyoyin ƙafa na kimanin kilomita 30. Ƴan yawon buɗe ido sukan zo da madubin hangen nesa, wasu su shiga kwalekwale. Ƴan lakwal sukan zo da malamansu, su ɗebi ruwa su duba ƙwarin da ke ciki, su ga yadda ake sa wa tsuntsu zobe a ƙafa domin a san inda yake zuwa.

Ina ruwanmu da wannan?

A 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu da tabkuna a garin Ramsar na ƙasar Iran. A 1987 aka sa Oak Hammock cikin jerin wuraren da yarjejeniyar ke karewa. A wannan shekara ce kuma aka sa gandun dajin W na ƙasarmu Nijar. Daga baya tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi da Madarumfa su ma sun shiga. Wato alkawari guda muka ɗauka da mutanen Kanada.

Su sun kashe kuɗi mai yawa kafin su maido ɗan yanki na abin da suka rasa. Rigakafi ya fi magani. Idan kun taru a wurin karatu, ku tattauna bisa tambayoyi biyu: wane tabki ne ke kusa da garinku, kuma waɗanne tsuntsaye ne tsofaffi suka sani a bakinsa waɗanda ba a gani yanzu?

Mu kwana nan. Allah ya kai mu karatu na gaba lafiya.