Cinghawo, Ganyen Ƙasar Sin Mai Maganin Zazzaɓi

Manoma da 'yan kasuwa sun sha tambaya a kan wani ganye na ƙasar Sin, wai shi cinghawo, ɗan'uwan tazargaden nan namu. Tambayar ita ce, in mutum ya shuka shi a bayan gida, nawa zai sha ya rabu da zazzaɓin cizon sauro? To, ga bayani.

Tun wajen shekara ta 340 wani masanin Sin, Ge Hong, ya rubuta cewa a jiƙa ganyen cikin ruwa, a matse, a sha. Bai ce a dafa ba. Wannan ne ya sa wata masaniya, Tu Youyou, ta gane zafi mai yawa yana ɓata maganin. A 1972 ita da abokan aikinta suka fid da ainihin abin da ke kashe ƙwayar cutar, watau atemisinin. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel. Yanzu ana noman ganyen a Sin da Kenya da Tanzaniya da Madagaska, ana sayar wa masu yin magani.

Amma fa ku lura. Ganyen ba ƙarfinsa ɗaya ba. Iri ya bambanta, ƙasa ta bambanta, lokacin yanka ma haka. Wanda aka yanka gab da zai yi fure ya fi ƙarfi, wanda ya daɗe a ajiye kuwa ya ragu. Har wa yau atemisinin ba ya narkewa sosai cikin ruwa, kuma ba ya jimawa cikin jini. Saboda haka mai shan jiƙo bai san ko nawa ya sha ba. Zazzaɓin ya kan lafa, a zaci an warke, bayan 'yan kwanaki sai ya komo.

Kowane manomi ya san in aka rage maganin feshi, ƙwarin da suka tsira su ne masu taurin kai. Haka ƙwayar zazzaɓi ta ke. An riga an ga wadda ta fara jure maganin a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta yarda a yi maganin zazzaɓi da jiƙon ganyen ko garinsa ba.

Hanyar da ta dace ita ce ƙwayar da aka auna, aka gama da wani magani mai daɗewa a jiki, kamar Coartem. Ana sha sau 6 cikin kwana 3, gwargwadon nauyin mutum. Babba mai kilo 35 ko fiye ya kan sha ƙwaya 4 na ƙaramin awo kowane karo, yaro kuwa ƙasa da haka. A sha da madara ko abinci mai maiƙo, don ya shiga jiki sosai.

Kafin a sha, a je asibiti a gwada jini, gama ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Mace mai ciki da jariri, sai abin da likita ya ce. Wanda ya ke amai ba tsayawa, ko ya ke suma, a kai shi asibiti nan da nan. Kada kuwa a bar maganin don an ji sauƙi rana ta biyu, a raba sauran da maƙwabci. Damina lokacin aiki ce, kuma ita ce lokacin sauro. Wanda ya cika kwana ukunsa, shi ne zai koma gona da ƙarfinsa.