Googoosh: Mawaƙiyar da Aka Rufe wa Baki Shekara 21

Wani dare muna dawowa daga makaranta, ƙawata 'yar Iran ta rage mini hanya zuwa gida a Silver Spring. Muna kan titin Georgia Avenue wata waƙa ta shigo, sai na ga idanunta sun kawo ruwa. Na ce, "Ƙawata, lafiya?" Ta ce, "Googoosh ce. Da muryarta mahaifiyata ta raine ni."

Sunanta na yanka Faegheh Atashin, an haife ta a Tehran a 1950. Mahaifinta, Saber, ɗan wasa ne, kuma tun tana ƙarama yake hawa dandamali da ita. A shekarun 1970 babu tauraruwar da ta kai ta farin jini a Iran. Ta fito a finafinai irin su Bita (1972) da Hamsafar (1975), har 'yan mata suka riƙa yanke gashinsu gajere irin nata.

Lokacin juyin juya halin 1979 tana Amurka. Da yawa daga cikin mawaƙan Iran sun zaɓi zaman gudun hijira, musamman a Los Angeles, ita kuwa ta koma gida, inda sabuwar gwamnati ta haramta wa mace rera waƙa ita kaɗai a bainar jama'a. Shekara 21 ba ta hau dandamali ba. Amma kaset ɗinta bai daina yawo ba: ana kwafa a ɓoye, ana miƙawa hannu da hannu. Da ta samu fita a 2000, ta yi wasanta na farko a Toronto ranar 29 ga Yuli, dubban Iraniyawa suka cika zauren, ciki har da waɗanda ba a haifa ba lokacin da ta yi shiru.

Labarin bai yi mini baƙo ba. A Satumbar 2007 an ɗaure Adam A. Zango, wanda shi ma jarumi ne kuma mawaƙi, a Kano saboda faifan Bahaushiya. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da ClassiQ. Ban ce Kano Tehran ba ce, kuma ni ma akwai bidiyon da ba zan kalla gaban Baba ba. Sai dai Iraniyawa sun adana muryar da aka hana, har ta iso kunnen 'ya'yansu a Maryland. Mu me muke adanawa?

Washegari na kira Umma na tambaye ta ina kaset-kaset ɗin Barmani Choge da take sawa muna yara. Ta yi dariya ta ce, "Yanzu da kika je Amurka kika san darajarsu?" Guda biyu suka rage a ƙasan akwatinta. Na roƙe ta kada ta bai wa kowa.